Furosesa ya maƙale a 800 MHz? Tambayoyin da ake ta yi mini kan gudun furosesa a Linux

Salamu alaikum ƴan'uwa. Tun da zafi ya shigo Yamai kusan kullum sai wani ya turo mini vokal ko ya same ni a fada da laftof a hammata, maganar guda ce, wai Linux ta lalata masa kwamfuta, tana tafiyar hawainiya, kanel, wato zuciyar Linux da ke magana da ƙarfen kwamfuta, shi ke da bog, wato kuskure a kod ɗinsa. Na gaji da maimaita abu ɗaya shi ya sa na tara tambayoyin nan wuri guda. Mafi yawan waɗanda suka zo mini dai kanel bai san hawa ba bai san sauka ba, caja ce ko ƙura ko zafi, amma akwai lokacin da laifinsa ne da gaske, wannan ma za mu je gare shi a ƙasa.

Wai mi ye ma wannan hawa da saukar gudun furosesa?

Furosesa ba ya gudu ɗaya dare da rana. In kana rubutu kawai sai ya sauko ƙasa, in ka buɗe bidiyo ko kana kompail, wato mai da kod ya zama furogiram, sai ya hau, kuma duk lokacin da gudun ya hau dole a ƙara masa voltaj. Nan ne wahalar take, don wutar da yake ci tana tafiya ne da gudu sau voltaj sau voltaj, wato ɗan ƙarin gudu kaɗan a can sama yana iya jawo zafi mai yawa da shan batir. Kamar mai kabu-kabu ne, ba ya murɗa totur har ƙarshe yana tsaye yana jiran fasinja.

A Linux sashen da ke kula da wannan sunansa cpufreq, kuma duk abin da yake ciki yana rubuce a /sys/devices/system/cpu/cpu0/cpufreq/. Lambobin can a kHz suke, in ka ga 800000 kar ka yi murna, 800 MHz ne kawai.

Ina jin ana cewa gwamna da direba, wa ke ba wa umarni?

Gwamna ne ke yanke shawarar gudun da ya dace, direba kuma shi ke magana da ƙarfen ya aiwatar. Gwamnonin da aka saba su ne performance mai riƙe gudu a sama, powersave mai riƙe shi a ƙasa, userspace da ke bar maka ka sa lamba da hannunka, sai ondemand da conservative, tsofaffin hannu masu leƙa nauyin aiki lokaci zuwa lokaci. Na baya-bayan nan shi ne schedutil wanda Rafael Wysocki ya rubuta, ya shiga kanel 4.7 a 2016, shi ba ya leƙe, kai tsaye yake karɓar labari daga mai raba wa furosesa aiki, sannan ya ɗora kashi 25 cikin 100 a kan abin da aikin ke bukata don a samu sarari.

Direbobi kuwa, acpi-cpufreq ne tsohon da ke karanta teburin gudu daga BIOS, intel_pstate ya zo a kanel 3.9 a 2013 don furosesan Intel daga Sandy Bridge zuwa sama, amd-pstate ya zo a 5.17 a 2022, allunan ARM da yawa kuma cpufreq-dt suke amfani da shi. Kafin ka tambayi kowa komai ka fara buga `cat /sys/devices/system/cpu/cpu0/cpufreq/scaling_driver` don rabin amsoshin da ke ƙasa sun dogara ne da abin da ya fito maka.

Ta yaya zan ga gudun gaskiya? Kowane furogiram lambarsa daban

Haka ne, kuma ba ƙarya suke ba, furosesa na canza gudu sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, abin da /proc/cpuinfo ko ɗan akwatin da ke kan allonka ya nuna hoton ƙiftawar ido ne. Ni turbostat na yarda da shi a injinan Intel da AMD, don yana lissafi ne daga ma'aunai biyu da ke cikin furosesan kansa, APERF da MPERF. A Debian yana cikin linux-cpupower, a Ubuntu yana cikin linux-tools na kanel ɗin da kake kai. Ka buga `sudo turbostat --quiet --interval 2 --show Busy%,Bzy_MHz,PkgTmp,PkgWatt` a taminal ɗaya, a ɗayan ka ɗora masa kaya da `stress-ng --cpu 0 --timeout 120`.

Kuskuren da mutane ke yi shi ne su duba gudu kwamfuta na zaune ba ta komai, su ga 800 su tada hankali. Wannan daidai ne, hutu take. Matsala ita ce Busy%, wato yawan aikin da ke kansa, ya kai kusan 100 amma Bzy_MHz, gudunsa lokacin aiki, ya ƙi motsi. Ka kuma sa ido kan yadda abin ke faruwa, in ya hau da farko sannan ya riƙa saukowa PkgTmp, wato zafin furosesa, na hawa, je ka tambayar zafi. In tun daƙiƙar farko yana ƙasa kuma jikinsa da sanyi, je ka tambayar caja.

Na duba na ga gwamnana powersave ne, ba shi ke ja mini ƙafa ba?

In direbanka intel_pstate ne ko amd-pstate-epp, sunan da amd-pstate ke nunawa in yana aiki da kansa, a'a. Wannan suna ya rikita mutane da yawa har da ni lokacin da na fara. Waɗannan direbobi in suna aiki da kansu gwamna biyu kawai suke nunawa, performance da powersave, kuma powersave ɗinsu ba irin na gargajiya ba ne, yana hawa har turbo, wato gudun da ya wuce na asali, in aiki ya zo. Tun daga Skylake a 2015 ma furosesan Intel shi ke zaɓar gudunsa da kansa ta hanyar da ake kira HWP, kanel sai dai ya ba shi iyaka ta sama da ta ƙasa da kuma shawara, shawarar tana cikin fayil ɗin energy_performance_preference, za ka ga performance ko balance_performance ko balance_power ko power. In ka iske power alhali kana kan kuran, to can ne za ka gyara, ba sunan gwamna ba.

Amma in scaling_driver ya ce acpi-cpufreq ko intel_cpufreq kuma gwamna powersave, eh wannan kam zai danne ka a ƙasa, mai da shi schedutil da `sudo cpupower frequency-set -g schedutil`. Shi intel_cpufreq ɗin intel_pstate ne dai ya koma gefe ya bar wa gwamnonin gargajiya tuƙi, tun 2020 haka kanel ke yi wa furosesan da ba su da HWP.

Ya maƙale a 800 ko 400 MHz kuma ba zafi, caja ta shigo ta ina?

Ta ƙofar gaba ma kuwa. Yawancin laftof ɗin da ke hannunmu gwanjo ne, sun zo ba da cajarsu ta asali ba, mai shago ya haɗa ka da wadda bakinta ya shiga kawai. Cajojin Dell da HP masu zagayayyen baki suna da siririyar allura a tsakiya, ba ta kai wuta, aikinta ta gaya wa laftof ƙarfin cajar. In allurar ta karye ko ta lanƙwashe ko cajar jabu ce, ƙaramin guntun da ke kula da wuta a kan allon uwa sai ya ɗauka cajar ba za ta iya ba, ya ja wa furosesa birki, sau da yawa batir ma ya daina caji. Kanel na neman 3 GHz, ƙarfe na cewa 800, kuma ƙarfe ne ke da ta cewa.

Gwajin ba ya cin ko dala. Shiga BIOS ka duba inda ake nuna ƙarfin caja, in ya rubuta watt 65 ko 90 lafiya, in ya ce bai gane ta ba ka kama ɓarawonka. Sannan ka zare cajar kana kallon turbostat, in gudu ya tashi a kan batir to magana ta ƙare. Akwai wani ɗalibi da ya sake saka Linux har kala uku a laftof guda kafin ya kawo mini, na ari cajar maƙwabcina na soka, nan take ta miƙe, ya zauna ya riƙe kai. Mataccen batir ma na yin haka, tsofaffin ThinkPad in ka cire musu batir ka bar su da caja mai watt 65 sukan daskare a gudu mafi ƙasa, don caja ita kaɗai ba ta ɗaukar bugun farko in furosesa ya zabura. Ka tuna kuma da wutar gurup da ondiler mai arha, in matsalar ba ta zuwa sai an ɗauke kuran an tada gurup, ba sai an kira boka ba.

In zafi ne fa? Yamai ce, ba yadda zan yi da rana

Furosesan laftof na Intel da yawa iyakarsu wajen digiri 100 ne, suna isa can suna rage gudu da kansu ba tare da neman izinin kanel ba. Ana ƙirgawa ma, duba /sys/devices/system/cpu/cpu0/thermal_throttle/, in core_throttle_count ko package_throttle_count na ƙaruwa lokacin gwaji to zafi ne. A watan Afrilu da Mayu da iskar ɗaki kanta ke wuce 40, fanka iska mai zafi take hura wa ƙarfe mai zafi, ga ƙurar hunturu da ta riga ta yi tabarma tsakanin fanka da haƙoran radiyata. Sau nawa na buɗe laftof na zaro wani abu kamar audugar katifa. Ka buɗe ka share, ka canza man da ke tsakanin furosesa da radiyata in ya bushe ya zama kamar alli, ka daina ɗora ta kan katifa ko darduma.

Bayan shara, shawarata a lokacin zafi ita ce ka kashe turbo, `echo 1 | sudo tee /sys/devices/system/cpu/intel_pstate/no_turbo`, masu acpi-cpufreq kuma su rubuta 0 a /sys/devices/system/cpu/cpufreq/boost. Mutane na ganin kamar asara ce, amma furosesan da ke tafiya a natse a gudunsa na asali ya fi wanda ke zabura ya ƙone ya faɗo, ya sake zabura, ga fanka na ihu kamar injin markaɗe.

Akwai kuma iyakar wuta wadda ba zafi ba ce kai tsaye. Intel na da PL2 na ɗan gajeren lokaci da PL1 na dogon zango, in ka ga PkgWatt, wato wutar da furosesa ke ci, ya hau na wasu daƙiƙu sannan ya dawo ya tsaya cak a 15 misali, haka aka ƙera injin, furosesa masu harafin U da yawa watt 15 ne rabonsu. Wannan ba bog ba ne, kar ka wahalar da kanka.

An ce in kashe BD PROCHOT da wrmsr komai zai dawo, in yi?

Yana aiki, shi ya sa yake da haɗari. PROCHOT waya ce da furosesa ke ɗagawa in ya yi zafi, a injinan Intel kuma an bar ta ta yi aiki ta ɓangare biyu, wani abu a kan allon uwa, caja ko batir ko mai daidaita voltaj, shi ma yana iya jan ta ya ce a rage gudu. Makunnin, wanda ake kira BD PROCHOT, yana a bit na 0 na rajista 0x1FC, wata ƙaramar ma'ajiyar saiti a cikin furosesa. Da msr-tools za ka yi `sudo modprobe msr` sannan `sudo rdmsr 0x1fc`, in lambar ta ƙare da mara, kamar d wanda 13 ne a irin wannan ƙirga, to a kunne yake, ka rage ɗaya ka mayar da wrmsr sai birkin ya saki. In Secure Boot na kunne kanel zai hana ka rubutun, kuma tun 5.9 ko ya bari sai ya yi gargaɗi ya sa wa kansa alamar an taɓa shi, wanda zai rage darajar rahotonka in ka zo kai ƙara daga baya.

Ni ina amfani da shi ne don gano cuta kawai, minti biyu, in gudu ya dawo na san daga allon uwa ne ba daga kanel ba, sai in sake tada injin ya koma yadda yake. Barin shi a kashe kullum kamar cire fitilar mai ta mota ne don tana damunka. In firikwensin ne ya lalace ka ci riba, in kuwa batir ne ke kumbura ko caja ce ke dahuwa, a wannan zafin namu, Allah Ya kiyaye. Canza caja ya fi arha.

scaling_max_freq ya yi ƙasa da cpuinfo_max_freq kuma ya ƙi ɗaguwa

Duba ko akwai fayil bios_limit a wurin. In akwai kuma lambarsa ƙarama ce, BIOS ne ya sa iyakar ta wani abu na ACPI da ake kira _PPC, acpi-cpufreq kuma yana yi masa biyayya. Wani lokaci da dalili, koma tambayar caja, wani lokaci kuma BIOS ɗin ne kawai ke da shirme. Ana iya cewa kanel ya yi kunnen uwar shegu da shi, ka ƙara `processor.ignore_ppc=1` a layin GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT cikin /etc/default/grub, fayil ɗin saitin GRUB mai tada Linux, ka yi `sudo update-grub`. A laftof mai intel_pstate wannan ba zai canza komai ba don shi dama ba ya sauraron _PPC a irin waɗannan injina, can sai ka duba max_perf_pct ko wani ya rage shi daga 100. Sabunta BIOS na gyara irin wannan sosai, amma don Allah da cikakken batir, in kuran ya tafi ana tsakiyar rubutu laftof ta zama faranti.

Na saita komai, ina sake tada ta ya koma gidan jiya

Abin da ka rubuta a /sys ba ya kwana, kowane tashi sabo ne. Bayan haka akwai masu hannu da yawa a tukunyar, furogiram masu kula da wuta da zafi irin su TLP da power-profiles-daemon da thermald da auto-cpufreq, kowa na juya miya yadda ya ga dama, tsofaffin Ubuntu ma suna da wani sabis mai suna ondemand da ke canza gwamna jim kaɗan bayan tashi. TLP da power-profiles-daemon musamman ba sa zama inuwa ɗaya. Zaɓi guda ka tsayar da sauran da systemctl, kuma duk lokacin da za ka yi gwajin kanel ka tsayar da su duka.

Ni AMD ce da ni, amd-pstate ya ƙi fitowa

Yana bukatar furosesan AMD na Zen 2 zuwa sama da kuma CPPC, hanyar da kanel da furosesa ke haɗa kai wajen zaɓar gudu, a kunne a BIOS, in babu sai kanel ya koma acpi-cpufreq shiru, wanda matakai kaɗan kawai yake gani, sau da yawa uku. `dmesg | grep -i amd_pstate` zai gaya maka in teburin _CPC, na CPPC ɗin a BIOS, ne babu. Yana da hali uku, passive na farko, active da ya zo a 6.3, guided a 6.4, kuma daga 6.5 active ne ke tashi da kansa a laftof da kwamfutocin tebur. In bayan sabunta kanel ka ji injin ya canza hali, gwada `amd_pstate=passive` ko `amd_pstate=disable` a GRUB, yadda aka nuna a tambayar bios_limit. Masu Intel nasu `intel_pstate=passive` ne ko `intel_pstate=disable`. Wannan sauyin direba gwaji ne mai kyau ƙwarai, in matsala ta bi ka duk direban da ka hau, da wuya a ce kanel ne.

Babu ma jakar cpufreq a wurina sam, ko kuma Raspberry Pi ce

In cikin VirtualBox kake ko sabar haya, haka yake, baƙo ba ya taɓa gudun furosesan mai gida. Raspberry Pi kuwa ka buga `vcgencmd get_throttled`, in ya ba ka 0x50005 wuta ce ba ta isa, ta faɗi ƙasa da wajen volt 4.63, galibi cajar salula ce aka soka mata ko waya siririya, ko kuma tana kan sola batir ya yi sanyi da asuba.

To yaushe ne zan ce lallai kanel ne?

In injin guda, caja guda, ɗaki guda, tsohon kanel na gudu sabo kuma ba ya gudu. Wannan ita ce shaida mafi ƙarfi kuma tana hannunka, riƙe Shift ko ka danna Esc lokacin tashi, shiga Advanced options na GRUB ka zaɓi kanel na baya, ka maimaita gwajin turbostat iri ɗaya. Ka yi su a jere, kar ka gwada ɗaya da asuba ɗaya da azahar ka ce ka gano wani abu, rana ce ka auna.

Wata alama ita ce matsalar da ke zuwa bayan an rufe murfi an buɗe. Yawan kurakuran wannan sashe a nan suke ɓuya, injin ya farka BIOS ya sake rubuta wasu rajistoci, direba bai mayar da nasa ba. Kwafe abin da ke cikin jakar cpufreq kafin barci da bayan farkawa da `grep . /sys/devices/system/cpu/cpu0/cpufreq/*` ka gwama. In rubuta passive sannan active a /sys/devices/system/cpu/intel_pstate/status ya warkar da shi, ka samu bakin zare mai kyau. Haka in ƙwaya ɗaya ce cikin ƙwayoyin furosesa, wato core, ta maƙale sauran na gudu, ko cpuinfo_max_freq ya nuna lambar da ba ta yi kama da furosesanka ba. Kafin ka ci gaba dai ka gwada kanel mafi sabo na kernel.org, wataƙila an riga an gyara, gyaran ne bai iso rabonka ba tukuna, wato kalar Linux ɗin da kake kai, kamar Ubuntu ko Debian.

Mi ye bisect, kuma zan iya da wannan konekisiyon namu?

Tsakanin fitowar kanel ɗaya da na gaba, sati tara zuwa goma, ana zuba canje-canje sama da 10,000. git bisect na raba su biyu, ka gwada na tsakiya ka ce mai kyau ne ko marar kyau, ya sake raba rabin, da haka cikin zagaye wajen 14 zai nuna maka canji guda da ya kawo cutar. Farawa `git bisect start`, sai `git bisect bad` da sigar da ta lalace, `git bisect good` da mai lafiya, kowane zagaye ka kompail ka tashi da shi ka gwada. In wani ya ƙi kompail ko ya ƙi tashi, `git bisect skip`. Ana iya taƙaita shi ga drivers/cpufreq don a rage zagaye, ni ba na so, don sau da yawa cutar na fitowa ne daga ACPI ko daga mai raba aiki, ka ƙare da zargin wanda bai ci ba bai sha ba.

Wahala biyu ce a nan gida. Ta farko saukar da tarihin git, giga da yawa ne kuma clone in ya yanke daga farko yake komawa, mafita ita ce clone.bundle da kernel.org ke ajiyewa, fayil ne guda da `wget -c` ke ci gaba da shi daga inda ya tsaya, ko ka kwafa a kle daga wanda ya riga ya sauke. Ta biyu abin dariya ce, kompail ɗin kanel a injin da ya maƙale a 800 MHz, sai ka sha shayi zagaye uku ka sake ɗora wani bai gama ba. Yi `make localmodconfig` don ya gina abin da injinka ke amfani da shi kawai, ka sa ccache, ka riƙa kompail a kan tsohon kanel mai lafiya ko a wata kwamfuta da `make bindeb-pkg` ka ɗauko fakitin. Kuma ka tabbatar da kowace amsa, good guda na ƙarya zai kai ka Agadas alhali Dosso za ka.

Na gano, wa zan kai wa ƙara kuma mi zan rubuta?

In kanel ɗin rabonka ne kawai ke da matsalar, su za ka kai wa, a Ubuntu `ubuntu-bug linux`. In har na kernel.org na yi, sai masu sashen, cikin tushen kanel `scripts/get_maintainer.pl -f drivers/cpufreq/intel_pstate.c` zai jero maka su. Rafael Wysocki da Viresh Kumar ne ke riƙe da cpufreq, Srinivas Pandruvada na kan intel_pstate, wasiƙun kuma na bi ta linux-pm, akwai kuma bugzilla.kernel.org. Da Ingilishi ake rubutawa, na san mu nan Faransanci muka yi a lakwal, amma ba adabi suke nema ba, gajerun jimloli sun isa, kuma rubutu tsura ba HTML ba in ba haka ba wasiƙar ba za ta shiga ba.

Ka sa samfurin injin da sigar BIOS daga dmidecode, sunan furosesa, kanel mai kyau da marar kyau, dmesg cikakke, abin da `cpupower frequency-info` da turbostat suka nuna a duka biyun, fayil ɗin acpidump, da canjin da bisect ya kama tare da marubucinsa a cikin waɗanda ka aika wa. Ka faɗi abin da ka riga ka kawar, cewa ka gwada wata caja, ka tsayar da TLP. Ka kuma faɗi zafin ɗakin, da gaske nake, yawancin masu rubuta wannan kod suna gwaji ne a ofis mai kilim, injin da ke aiki a digiri 43 na iya taka hanyar da nasu bai taɓa bi ba. In abu ne da yake aiki da can ya lalace ka rubuta kalmar regression a kan wasiƙar, a kanel ƙa'ida ce ba a barin irin wannan, har akwai Thorsten Leemhuis da ke bin sawunsu.

In na ga inda kuskuren yake, zan iya aika faci, wato gyaran kod, da kaina?

Ƙwarai, ba a tambayar diflom. Fara da `git revert` na canjin da bisect ya nuna a kan kanel mafi sabo, in cutar ta tafi ka tabbatar. Don ganin abin da direba ke yi a ciki akwai wuraren leƙe na ftrace, power:cpu_frequency da power:pstate_sample, akwai ma intel_pstate_tracer.py cikin tools/power/x86 mai zana maka hoto. Teburin BIOS kuma `iasl -d` zai buɗe maka shi ka karanta _PSS da _PPC da _CPC da idonka, in shirmen a can yake, gyaran kan zama keɓe wannan samfurin injin ta bayanan DMI, ba canza wa duniya duka hali ba.

Faci ya zama ƙarami, abu ɗaya kawai, kan sa ya fara da irin `cpufreq: intel_pstate:`, bayanin ya faɗi abin da ke faruwa da dalili da injin da ka gwada. `git commit -s` zai sa Signed-off-by da sunanka, ka ƙara layin Fixes: da haruffa 12 na farkon lambar canjin da ya kawo matsalar, da Cc na stable, masu kula da kanel ɗin da aka riga aka fitar, in kana so gyaran ya koma tsofaffin kanel da mutane ke kai. Wuce da shi ta scripts/checkpatch.pl, ka aika da `git send-email`, kar ka liƙa shi a Gmail na burawza don yana cinye tab ya lalata shi. Za a iya ce maka ka sake, sai ka aika v2 ka rubuta abin da ya canza a ƙarƙashin layin ---, in shiru ya yi yawa ka jira kamar sati biyu kafin ka tuna musu, musamman in ka faɗo cikin sati biyun da Linus Torvalds ke karɓar sabbin kaya, lokacin kowa hannunsa a cike yake.